Tafi Ɗaya a Gurbin Suna

Wadda ta fara shigo da karaoke cikin gidan aure a garin Mayahi ita ce Asiya, matar wani ma'aikacin dwan, wato kwastan, a shekarar 2019, ranar sunan ɗiyarta ta biyu. Ina wurin, saboda haka kada wata ta zo ƙarƙashin wannan rubutu ta ce mani a gidansu aka fara. Akwati ne baƙi mai lasifika da mikro, mijinta ya sayo a Maraɗi. Ana haɗa shi da tele da waya, kiɗa ya tashi babu muryar mawaƙi, baitoci su riƙa fitowa a rubuce, wadda ke riƙe da mikro ta rera. Asiya ta kawo akwatin, wannan ba na musunsa. Amma wadda ta sa masa doka har ya zama abin da matan kirki za su zauna a gabansa, ni ce, Barira, wadda kuke kira Madam, da na yi shekara talatin ina koyar da ɗiyan mutane a lakwal kafin in ajiye alli.

Ranar da Asiya ta kunna shi mun zauna tun bayan azahar, amma har aka kira la'asar waƙar da aka rera ba ta taka kara ta karya ba. Lokacin duk ya tafi wajen zaɓen waƙa. Waya na yawo daga hannu zuwa hannu, kowace ta latsa, ta latsa, ta ce wannan ba ta iya ba, waccan ta yi mata tsawo. Masu karanta ni daga Yamai za su ɗauka yanga ce, don ba su san abin da ke ƙasa ba. Waƙoƙin yanzu cike suke da sunayen mutane. Mawaƙi ba ya kai ƙarshe sai ya kira masoyi, ya gaida ubangida, ya ambaci abokan hira. Mace mai tarbiyya kuwa a ƙasarmu ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. Kowace mace a zaman tana ɗauke da sunayen da bakinta ba ya taɓawa, tana kuma tsoron ta tsinci kanta a tsakiyar baiti, sunan uban mijinta na tafe a fuskar tele, ga lasifika mai kai magana har bayan katanga.

Da aka dawo zama na biyu, a gidana, na tsayar da doka kamar yadda nake tsayar wa aji. Ba wadda za ta zaɓar wa kanta. Wadda ta gama ita ke nuna ta gaba, ita ce kuma ke zaɓa mata waƙa. Wadda aka miƙa wa mikro ba ta ƙi. In ta ƙi, ta tashi daga tabarma, zamanta na ranar ya ƙare. Sunan da baki ba ya faɗa kuwa, sai a bugi kan mikro da tafin hannu sau ɗaya a gurbinsa, a wuce. Daga ranar zaɓen waƙa ya daina cin lokaci, don kowace waƙa ta halatta ga kowace mace. Waɗanda ba su yi lakwal ba ma, da suka haddace baitocin da ka, sun san inda za su buga. Dokar ta bi mata zuwa Tasawa. An ce mani har a Hawandawaki, inda sai da hasken rana ake caza akwatin, haka suke yi, suna kiranta dokar Madam.

Shekara biyu da suka wuce wata budurwa mai suna Rufaida ta zo kan sunan Gazali a cikin waƙa, ta bugi mikro. Mata suka rikice, uwarta na cewa hannunta ne ya zame. Aka kawo mani maganar, na yanke cewa tafi shaida ne: wadda ba ta da miji, ba ta da suruki ko ɗan fari mai wannan suna, in ta buga, ta gaya mana wanda ta zaɓa. Ba a daɗe ba aka ɗaura auren. Na yi alfahari da wannan hukunci, na kuma sha maimaita shi a gaban jama'a.

Yanzu ku gyara zama, don abin da zan faɗa ban saba faɗinsa ba.

Alhaji, mijina, ya rasu shekara biyar ke nan, Allah ya jiƙansa. Na yi masa takaba, na riƙe masa gida, na aurar da ɗiyansa, saura autarmu Safa. Bara da rani akuyata ta daina cin abinci, wata maƙwabciya ta ba ni lambar wani tsohon malamin dabbobi da ya ajiye aiki ya koma gonarsa a Urafane. Ya zo kan babur, ya duba ta, ya yi mata allura, ya ƙi karɓar komi sai ruwan sha. Akuya ta warke cikin mako. Shi kuwa har yau kowace safiya bayan sallar asuba sai ya turo mani vokal, saƙon murya a waya, yana tambayar lafiyarta. Zai gaya mani an yi ruwa a Urafane ko ba a yi ba, hatsi ya tsiro ko tsuntsu ya tone, sannan ya ce, Madam, ya mai jiki? Matarsa ta rasu kafin Alhaji. Dogo ne, baƙi, mai farin gemu da ake gyarawa, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma katse mace in tana magana. Ni da na haura hamsin da biyar, na wayi gari ina ajiye waya kusa da dardumar salla. In vokal ya makara sai in ji shayi ba ya da ɗanɗano. Ku da kuke ganin so na masu jan baki ne kawai, ku ci gaba da ganin haka. Ni dai na gaya maku abin da ya same ni.

Da Malam, malamin dabbobin nan, ya fito da maganar aure, na kira ɗana na fari, wanda nake ce wa Babba, yana aiki a Yamai. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce mutane za su ce sun kasa riƙe ni, ya ce gidan ubansa ba tashar mota ba ne da za a fita a shiga, ya ce abokan aikinsa za su ji an ɗaura wa uwarsa aure da mai yi wa awaki allura. Na bar shi ya gama, don ban saba cacar baki da abin da na haifa ba. A ƙarshe ya roƙe ni kada in ba da amsa sai ya zo hutu a watan Agusta mun zauna. Na ce na ji.

Babba bai samo wannan zafi shi kaɗai ba. Akwai mai hura masa, ita ce Ramlatu, ƙanwar Alhaji, wadda ke aure a Tasawa. Tun ƙaramar Salla ta sauka gidana da jaka biyu, wai ta zo jinyar gwiwa, ta buɗe ɗakin Alhaji ta shige ba tare da ta tambaye ni ba. Tun ina amarya ba mu taɓa shiri da ita ba. Ita ce ta ce wa uwarsu malamar lakwal ba ta iya tuƙa tuwo, ita ce ta ƙirga mani kwanukan jere a gaban baƙi. Yanzu da girma ya zo, sai ta koma laɓewa bayan taga da asuba tana sauraron wayata, hantsi na yi ta kira Yamai.

Sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito, Safa ta ci. Na ce za a yi mata zaman mikro ranar Lahadi a tsakar gida. Ranar Alhamis vokal ɗin Malam ya zo, wannan karon bai tambayi akuya ba. Na saurare shi har na haddace:

"Madam, ni ba yaro ba ne, ke ma haka. Na yi jira, ban yi ƙorafi ba, amma damina ba ta tsayawa. Ƙanwata Zara'u za ta zo maki barka ranar Lahadi. Ban ce ta tambaye ki komi ba. Abin da ta gani da idonta, shi zan ɗauka amsa. In ba ta ga komi ba, shi ma amsa ne, ba zan ƙara damun ki ba."

Na kashe wayar, sai na ji takalmi na ja da baya daga ƙarƙashin taga.

Ranar Lahadi na tashi da shirin karɓar baƙuwa da mutunci, in nuna mata fuska, in bar ta ta fahimci abin da za ta fahimta, ba tare da na karya alkawarin da na yi wa Babba ba. Na sa shaddata ruwan toka mai surfani a wuya, wadda ban sa ba tun auren ɗiyata ta uku, na ɗaura ɗankwali irin na da, mai faɗi. An yi mani baƙin lalle a tafin hannu da ƙafa. Na turara ɗaki, aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itacen bedi. An yi dambun zogale, an soya fanke, zoɓo na cikin randa da ƙanƙara. Ramlatu ta fito daga ɗakin Alhaji cikin leshi ja mai ƙyalli, ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Matar Yaya, wannan lalle na bak ɗin Safa ne, ko akwai wata jarrabawar da ba a gaya mana ba?"

"Na hannuna ne, Ramlatu. Ya gwiwa? Na ga tun Salla ba ta hana ki zagaya gidajen unguwa ba."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce gwiwa da sauƙi, yau ma har rawa za ta yi.

Zara'u ta iso bayan azahar, mace ce mai kamar shekaruna, cikin atamfa shuɗiya da mayafi mai kauri. Ta kawo ƙwan zabi a ƙwarya da cuku naɗe cikin tsumma mai tsabta. Ta gaishe ni da ladabi, ta yi wa Safa addu'a, ta nemi gefen tabarma ta zauna, ba ta da yawan magana kamar ɗan'uwanta. Na sa Ladi, ƙawata tun muna koyarwa tare, ta zauna kusa da ita. Mata suka cika gida, har da waɗanda suka zo daga Tasawa a mota ɗaya. Safa ce ke riƙe da wayar waƙoƙi, zaune gaban tele.

Zama ya yi daɗi da farko. Safa ta buɗe, ta nuna ƙawarta, ƙawar ta nuna uwarta, aka yi ta tafiya babu tsaiko. Wata amarya ta bugi mikro kan sunan mijinta da ƙarfi har tsofaffi suka yi guɗa. Ni ina kan kujerata ta roba a bakin rumfa, inda nake zama kullum. A kowane zama nakan rera waƙa ɗaya, kuma tun da aka fara ba wadda ta taɓa zaɓa mani sai ta yabon iyaye ko ta nasiha, don sun san girmana.

Bayan an dawo daga sallar la'asar wata daga cikin matan Tasawa ta nuna Ramlatu. Daga baya na gane shiri ne. Ramlatu ta rera tata tana girgiza kafaɗa, ta gama, ta tako har gaban kujerata, ta ɗora mani mikro a cinya. Sannan ta juya ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

"Safa, sa wa uwarki waccan ta Isiyaku."

Ba zan faɗi sunan waƙar ba, duk kun san irinta: mace ce ke jiran masoyinta da ya tafi ci-rani, a ƙarshen kowane baiti tana kiransa da suna ya dawo. Sunan kuwa na Malam ne.

Safa ta ɗago kai daga wayar. Ta ce a hankali, Gwaggo, ai akwai wasu da Inna ta fi iyawa. Ramlatu ta ce doka ta ce wadda ta gama ita ke zaɓe, ba wadda ke latsa waya ba. Ta dube ni.

"Ko dokar ta mutu ne yau, matar Yaya? In ta mutu ki gaya mana, mu sanar da Tasawa."

Ta zaro wayarta daga lalita ta ɗaga, ta ce Abdulaziz ya ce ta ɗaukar masa komi tunda bai samu zuwa ba. Babba ke nan take kira da sunansa gatsau, don ta san ni ba zan iya ba.

Ku tsaya ku ga inda matar nan ta ajiye ni. In na ƙi, zan tashi daga tabarma a cikin gidana, ranar farin cikin ɗiyata, a ƙarƙashin dokar da na kafa da bakina, Zara'u kuma ta koma Urafane ta ce ta ga mace ta gudu. In na rera na faɗi sunan, na shaida wa Mayahi da Tasawa cewa mutumin nan ba kowa ba ne a wurina, kamar mai tallan gawayi. Zara'u ta ji da kunnenta, vokal ɗin asuba ya ƙare har abada. In na buga, na amsa aure a gaban mata, a cikin lasifika, kafin ɗana ya zo, hoton kuma ya riga ni isa Yamai. Ramlatu ta tabbata zan faɗi sunan. Ta san ni da girman kai, ta ɗauka girman kai zai sa in zaɓi abin da ba zai jawo mani dariya ba.

Na dubi Zara'u. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta, ba ta ba ni wata alama ba. Na dubi Ladi, ta girgiza mani kai kaɗan, ban san ko cewa take kada in faɗa ko kada in buga ba.

Na miƙe tsaye, don ban taɓa yi wa jama'a magana a zaune ba. Na ce wa Safa ta sa.

Kiɗa ya tashi. Muryata ba ta ƙuruciya ba ce, amma murya ce da ta saba kaiwa bayan aji, na kuma rera baitin farko ba tare da ta yi rawa ba. Rubutu na tafiya a fuskar tele, fari yana komawa ruwan ɗorawa kalma bayan kalma. Na hango sunan a ƙarshen layi yana matsowa. Har masu rabon zoɓo sun tsaya da moɗa a hannu. Abin da ya faɗo mani a rai a lokacin shi ne gobe da asuba: in idar da salla, in dubi waya, in tarar babu komi, jibi ma haka, har ranar da za a fitar da ni daga gidan nan. Na ji ba zan iya ba.

Na ɗaga hannun da aka yi wa lalle na bugi kan mikro.

Ƙarar ta fita ta lasifika kamar an saki turmi a kan daɓe. Wata ta ce innalillahi ƙasa-ƙasa. Ban dubi kowa ba, na shiga baiti na biyu. Sunan ya sake zuwa, na sake bugawa. Duk inda ya fito na buga, har waƙar ta ƙare, ban tsallake kalma ɗaya ba in ba shi ba. Da kiɗa ya tsaya babu wadda ta yi guɗa.

Ladi ce ta fara magana, da niyyar rufa mani asiri. Ta ce da ƙarfi, ai ba wani abu ba ne, akwai wani wan surukin Madam mai wannan suna da ya rasu tun da daɗewa, shi take wa kara. Wasu tsofaffi suka karɓa da sauri, suna cewa haka ne, sun tuna shi. Ƙofa ce aka buɗe mani, da na bi ta da an watse lafiya. Ramlatu ta ce ita ce ɗiyar gidan, ta san dangin ubanta ɗaya bayan ɗaya, babu mai wannan suna. Ta juya ga mata tana murmushi, waya na sama.

"Wa ya tuna Rufaida? Wa ya yanke mana cewa tafi shaida ne? Ko hukuncin na ɗiyan mutane ne kawai, ban da tsofaffi masu jikoki?"

Mikro na hannuna har lokacin. Na kai shi baki.

"Ladi, na gode, amma ba ni da suruki mai wannan suna. Hukuncin da na yanke wa Rufaida shi na yanke wa kaina. Ramlatu, ki tabbata kin ɗauki wannan ma, kada ki aika masa da rabi."

Hannunta ya sauko kaɗan. Ba haka ta shirya ba. Ta ce to, mun ji, Allah ya sanya alheri, amma gidan Yaya dai ba a kawo masa wani namiji, ta kuwa juya za ta koma wurin zamanta. Na ce ta tsaya, ba a gama ba. Ni na gama waƙa, ni ke nuna ta gaba.

Akwai abin da na sani tun kafin babbar Salla, na kuma rufe bakina a kansa saboda darajar Alhaji. Wata malama da muka yi aiki tare a Tasawa ta gaya mani cewa gadon Ramlatu da kwanukanta suna jibge a zauren wata ƙawarta. Mijinta Ɗahiru ya sallame ta, babu wata gwiwa. Matan Tasawa da ke zaune a tabarmata duk sun sani, su ma sun yi shiru. Na bar ta tana ci daga tukunyata, tana kwana a ɗakin mijina, tana ce wa baƙi Alhajinta ya kira yana gaishe su.

Na miƙa mata mikro, na ce wa Safa ta nemo waccan da ake gaida Ɗahiru a cikin amshi.

Safa ta ce, Inna, don Allah. Na ce ta sa.

Ramlatu ta karɓi mikro don ba ta da yadda za ta yi. Kiɗa ya fara. Na ga idonta ya tafi wajen matan Tasawa, su kuwa kowace ta sami abin dubawa a ƙasa. In ta buga, ta yi ƙarya a gaban waɗanda suka ga kayanta a zaure. In ta faɗa, ta sanar da Mayahi abin da ta ɓoye wata da watanni. Baitin farko ya wuce a fuskar tele bakinta bai buɗe ba. Ta durƙusa ta ajiye mikro a kan tabarma, a hankali, kamar ƙwai, ta nemi takalminta ta shige ɗakin Alhaji ta rufo ƙofa. Kiɗan ya ci gaba shi kaɗai har Safa ta kashe.

Na ce wadda ta ƙi ta tashi, doka ta cika, sai a ci gaba. Na nuna amaryar nan da kaina, ta rera, wasu biyu suka bi, amma zaman bai sake ɗaukar zafi ba. Hadari ya haɗo daga gabas, mata suka sami dalilin sallama kafin magariba.

Wasunku za su rubuto cewa ban kyauta ba. Ku rubuta. Ita ta fara ɗaukar doka ta mai da ita wuƙa; abin da na yi kawai na nuna mata cewa wadda ta ƙera ta ta fi ta sanin inda kaifin yake.

Na raka Zara'u har bakin ƙofa, inda mai babur ke jiranta. Ta riƙe hannuna, ta juya shi ta dubi lallen, ta daɗe tana dubawa.

"Hannunki yana da nauyi, Madam."

"Haka Allah ya yi shi, Hajiya."

"Na gani. Duka biyun na gani, duka biyun kuma zan faɗa masa."

Ta hau babur suka tafi, ni kuwa na tsaya a ƙofa ban san ko yabo ta yi ko gargaɗi ba.

Ina shiga gida na tarar Ramlatu ta fito da jakunkunanta biyu, ta ce za ta gidan wata 'yar'uwarsu a bayan kasuwa. Ban hana ta ba, ban kuma ce ta gaida su ba. A bakin zaure ta juyo ta ce hoton ya riga ya tafi, dukansa, yadda na nema.

Ana kiran magariba saƙo biyu suka shigo, kusan a tare. Na farko vokal ne daga Urafane, a lokacin da bai taɓa turowa ba. Ya ce Zara'u ta kira shi tun daga hanya. Ya ce ranar Juma'a dattawansa za su je wurin wana a Hawandawaki. Sannan ya ce ya ji labarin waƙa ta biyu, ba zai ce komi a kanta ba yanzu, amma zai ce. Na biyu daga Yamai ne, a rubuce. Babba, wanda tun da ya mallaki waya bai taɓa yi mani magana ba sai da Hausa da muryarsa, ya rubuto mani da Faransanci, irin wanda ake rubuta wa ma'aikacin da ya yi laifi. Babu gaisuwa. Ya ce ya ga abin da aka aiko, ba zai jira Agusta ba, zai shigo motar safe, kuma kada kowa ya je Hawandawaki kafin ya iso.

Ga inda lissafina ya tsaya. Na samu amsar da na kasa bayarwa da baki, hannu ya ba da ita, ba kuma mai iya mayar da ita. Na samu ranar Juma'a. Na samu ɗakin Alhaji, na share shi na kulle, makullin na ƙugu na. Na riƙe dokata, ba a karya ta a gidana ba, ko a kaina. Na riƙe Ladi, ko da yake ta ce ba ta ƙara buɗe baki domina a cikin jama'a. Safa tana ɗakinta, ta ƙi cin tuwo, ta ce na mai da ranarta filin shari'a. Ita zan shawo kanta, auta ce. Ramlatu ba na sa ta cikin asara.

Saura Babba. Shi ne ban san a wane gefe zan sa shi ba, ga shi kuma yana tafe.